Me ya sa gyaran faiba na awa 2 ke cin kwana 2 a Kaduna

Kusan kowa a garin nan ya taɓa cin karo da ranar da sabis ya ɗauke gaba ɗaya, kana tsaye gaban mai POS a Kasuwar Bacci ko bakin tashar Kawo, an cire maka kuɗi amma alat bai shigo ba, mai kaya ya riƙe leda kai ka riƙe waya kowa na kallon kowa. Can da yamma sai ka ga saƙo wai a yi haƙuri faiba ce ta yanke, injiniyoyi na kan aiki. Da yake mutane sun san na ɗan yi shekaru ina bin motar gyara, tambayar da aka fi yi min ita ce, wai waya ɗaya ce fa ta tsinke, me zai sa a wuni a kwana ba a haɗa ba? Toh gaskiyar magana haɗa wayar ba shi ke cin lokaci ba. Nemo inda take a ƙasa, da gane wacce ce wacce bayan an tono, su ke cinye ranar. Kuma tun ranar da aka zana aikin da ranar da aka binne shi ake haifar wannan wahalar, shekaru kafin katafilar da za ta yanke ta ta iso wurin.

Bari mu fara da ita kanta wayar, don da yawa sun ɗauka irin wayar wuta ce. Faiba gilashi ce zalla, haske ke bi ta cikinta. Sili ɗaya kaurinsa maikiron 125 ne, wato bai wuce silin gashi da wani abin kirki ba, shi kuma hasken ta wata 'yar hanya a tsakiyar silin yake bi mai faɗin maikiron 9 kacal. A cikin kebul ɗaya za ka samu sili 12 ko 24 ko 48 ko 96 har 144, an zuba su cikin ƙananan tiyo, galibi 12 a kowanne, kuma kowane sili da launinsa a jere: shuɗi, ruwan goro, kore, ruwan ƙasa, ruwan toka, fari, ja, baƙi, rawaya, shunayya, ruwan hoda, sai wani shuɗi mai haske a ƙarshe. Su ma tiyon haka aka yi musu launi. Ka ga kenan a kebul mai sili 144 shuɗin sili kaɗai guda 12 ne, kuma ba wanda aka rubuta wa a goshi cewa ni na banki ne ni na asibiti ne ni na ƙarfen sabis ɗin Malali ne. Takarda ce kawai za ta gaya maka. Sannan da yawa daga kebul ɗin babu ƙarfe a jikinsu sam, don haka na'urar da ke shinshino ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa ba za ta ji komai ba sai in an binne wata siririyar wayar ƙarfe tare da shi tun farko. Abin takaici ma ɓarayi har yau suna sare ta suna zaton jan ƙarfe za su samu su kai Panteka, su buɗe su ga gashin gilashi su yar, sun jawo wa rabin gari asara a banza.

Shi kuwa hasken da ke shigowa wayarka yawanci daga nesa ya taso. Manyan wayoyin da suka ratso teku a Legas suka fi sauka, daga nan sai faibar ƙasa ta ɗauko ɗaruruwan kilomita zuwa Abuja, zuwa Kaduna, ta wuce Zariya da Kano. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin teku huɗu suka samu matsala a gaɓar Kodebuwa ai kowa ya ji a jikinsa, bankuna suka rikice. Amma wannan lamari ne na lokaci zuwa lokaci. Wanda muke sha kullum shi ne na gefen titi. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ce a 2024 an samu yankewar faiba sama da 50,000 a faɗin ƙasar nan, kusan 30,000 daga ciki aikin titi ne ya jawo su. In ka raba wannan da kwanakin shekara za ka ga sama da 130 a kowace rana.

Yanzu maganar tsari kafin a sa diga a ƙasa. Mafi yawan kuɗin aikin faiba a rami yake tafiya, haƙa da bututu da manhol, wato ramin da ake ginawa da murfi don a riƙa buɗewa a kai ga wayar, da fasa titi da mayar da shi yadda yake, ita wayar da kanta ƙaramin kaso ce. Shi ya sa kuskuren da aka yi a kan takarda ana gyara shi da fensir, wanda aka yi a ƙasa kuma sai an sake kiran leburori an sake biya. Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane, a wannan sana'ar kam kamar don ita aka yi maganar.

Abu na farko da ake ha'inci a kansa shi ne safiyo. Wani zai zauna a ofis mai esi a Abuja ko Legas ya buɗe Google Earth ya ja jan layi daga Mando zuwa Kawo ya ce ga hanya, kilomita kaza, kuɗi kaza. Hoton sama ba zai nuna maka fayif ɗin ruwan famfo da aka binne tun kafin a haife ka ba, ba zai nuna maka inda dutse yake kwance ƙasa da taku biyu ba, ba zai gaya maka wannan kwarin da ka gani busasshe a hoton rani yana zama rafi a watan Agusta ba, balle ya gaya maka mai gidan nan ya ci gefen titi da shagunansa kuma ba zai yarda a fasa masa daɓe ba ko za a mutu. Sai an taka da ƙafa. Sai an tsaya an gaisa da mai unguwa, an tambayi dattawan layin ina ruwa ke bi in an yi ruwa mai ƙarfi. Ni a ganina ma safiyon da aka yi da rani kaɗai a Kaduna rabin safiyo ne, don damina ce ke tona asirin aiki, na sha ganin bututun da aka ce an binne a zurfin mita ɗaya yana reto a fili cikin kwari bayan ruwan sama uku.

Zurfin nan ma abin magana ne. A ƙa'ida ana so ramin ya kai wajen mita ɗaya ko ya ɗan ɗara, a kwantar da bututun roba, a rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa wata leda mai launi ta gargaɗi a sama da shi kafin a ƙarasa cikewa, ta yadda duk mai haƙa zai fara cin karo da ledar ya tsaya. Amma lebura da mita ake biyan shi, tsawo ake aunawa, in ba wanda ke tsaye da tef yana duba zurfi toh wallahi rabin mita ma sai ka gode. Ba zagin leburori nake ba, mutum na sarar marmara tun safe cikin rana, in ka ce masa tsawo ne kuɗi ai tsawon zai ba ka.

Sai tambayar da ta fi kowacce tsada kuma ba a cika yinta ba: shin titin nan za a faɗaɗa shi nan da shekara biyu ko uku? Mu 'yan Kaduna mun ga wannan da idonmu. Daga 2019 da aka fara aikin sabunta birni, an rushe tsohuwar gadar Kawo an gina sabuwa, shataletalen Leventis ya koma hanyar ƙarƙashin ƙasa, tituna da dama sun zama tagwaye da manyan lambatu a gefe. Aiki ne mai kyau, garin ya canja kamanni. Amma duk wayar da aka binne a gefen tsohon titi sai ta wayi gari ko dai a ƙarƙashin sabuwar kwalta ko a daidai inda za a haƙa lambatu. Haka hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da ake ta fama da ita tun 2018, kuma ta gefenta manyan layukan faiba suka bi. Wanda ya je ma'aikatar ayyuka ko KADRA mai kula da titunan jiha ko KASUPDA mai kula da tsara birane ya nemi ganin iyakar da titi zai kai nan gaba kafin ya zana layinsa, ya matsa can ƙarshen iyaka, zai kashe ɗan ƙari yau ya huta gobe. Wanda ya manne wa bakin kwalta don ya fi sauƙin haƙa shi ne za ka gani yana bin gireda a guje yana ɗaga hannu.

Akwai kuma wata dabara da ake kira zobe. Ana jan layi ta hanyoyi biyu daban zuwa wuri ɗaya, in an yanke ta gabas haske ya juya ya bi ta yamma, mai waya ma ba zai san an yi ba. A allon kwamfuta zoben nan kyakkyawa ne, da'ira ce cikakkiya. Toh amma duba yanayin garinmu, kogin Kaduna ya raba shi biyu, duk wayar da za ta tashi daga arewa ta je Barnawa ko Kakuri ko Sabon Tasha dole ta nemi gada, gadojin kuma ka ƙirga su da yatsun hannu. In ba a yi hattara ba sai ka tarar hannun zoben na dama da na hagu duk ta gada ɗaya suka tsallaka, wani lokacin ma cikin rami ɗaya. Ya fi faruwa in kamfani ya yi hayar sili daga wani kamfanin don ya zama madadinsa, bai tambayi ta ina aka bi ba, ashe maƙwabta ne a ƙasa taku ɗaya tsakaninsu. Ranar da katafila ta sa haƙori sai ta kwashe duka biyun lokaci guda, kowa ya riƙe baki wai ai muna da madadi. Madadin a kan takarda yake, takardar kuma ba ta san ƙasa ba.

Ga wani lissafi da nake so ku ɗan yi haƙuri ku bi ni, don shi ke bayyana dalilin da ya sa intanet ɗin gidan wani ke yi kamar ba ya yi alhali ba abin da ya yanke. Haske na raguwa a hanya, ana auna raguwar da desibel, duk desibel 3 rabin hasken ya tafi kenan. Irin faibar da ake ja zuwa gidaje, kayan da aka fi amfani da su suna jure asarar desibel 28 ne tsakanin ofis da gidanka, kuma nisan bai kamata ya wuce kilomita 20 ba. Ka ɗauki 28 ɗin nan kamar kuɗin cefane. Akwai 'yar na'urar da ke raba sili ɗaya ga gidaje da yawa, sifilita, wadda ke raba wa gida 32 ita kaɗai tana cin wajen 17. Saura 11. A ce nisan kilomita 10 ne, kowace kilomita na cin kusan 0.35, ka ga 3.5 ta tafi. Mahaɗai na soke-da-cirewa guda 4, a ce rabi-rabi, 2 kenan. Wuraren walda 10, kowanne 0.1, ɗaya ta tafi. Abin da ya rage 4.5, kuma mai hankali zai ware 3 ya ajiye saboda tsufan kaya da gyare-gyaren gaba, don duk yankewa ɗaya galibi walda biyu take ƙarawa tunda sai an saka guntun kebul a tsakani. Toh yanzu a ce wani yaro ya zo haɗa sabon kwastoma ya ga ba gurbi, sai ya ƙara 'yar sifilita mai raba biyu a kan falwaya bai rubuta ko'ina ba. Ta ci sama da 3. Shikenan cefane ya ƙare, gidaje na ƙarshen layi su fara kukan sabis na zuwa yana tafiya, a ofis kuma zane na nuna komai lafiya lau, a yi ta canja wa mutane na'urar cikin gida a banza.

Maganar izinin haƙa a taƙaice zan yi ta. Tun 2013 aka amince a matakin ƙasa cewa kuɗin izinin ya zama naira 145 a kowace mita, wato 145,000 a kilomita, amma jihohi da yawa suka yi ta karɓar dubbai a mita ɗaya. A 2020 gwamnatin Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai yafe kuɗi daban, sanin abin da aka binne daban. Ni da za a tambaye ni, abin da ya kamata gwamnati ta karɓa a madadin kuɗin shi ne taswira ta gaskiya.

Mu zo kan wannan taswirar, don nan ne zuciyar maganar take. Zane iri biyu ne a aikin nan. Akwai na niyya, wanda aka yi kafin a fara. Akwai kuma na yadda aka binne a zahiri, 'yan aikin na ce masa azbilt. Ba a taɓa yin aikin da biyun nan suka zo ɗaya ba, ko a ina ne, don ƙasa ba ta bin umarnin kowa, za a tarar da dutse a kauce, a tarar da kwalbati a zagaya, dirom ɗin kebul ya ƙare kafin inda aka tsara a ƙara mahaɗa, wato akwatin da ake haɗa kebul biyu a ciki, a wurin da babu ita a zane. Duk wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a gama aiki sai ɗan kwangila ya ɗauko zanen niyya ya goge kan takardar ya rubuta azbilt ya buga hatimi ya miƙa a biya shi. Wallahi ana yi, kuma ba kaɗan ba.

Wani dare ba zan manta ba, a wani titi da aka mayar tagwaye a arewacin gari. Zane ya ce manhol na nan mita 3 daga bakin kwalta, daura da bishiyar darbejiya. Muka iso, bakin kwaltar da ake magana ya koma tsakiyar titi, darbejiya an sare ta tuntuni, muka haƙa rami uku muna lalube da fitilar waya ba ko alamar ledar gargaɗi. Wajen ƙarfe ɗayan dare wani cikinmu ya tuna da wani dattijo da ya jagoranci leburorin da suka yi haƙan farko, aka yi ta buga waya har aka same shi, aka ɗauko shi a keke da asuba. Yana sauka ya dubi ramukanmu ya yi dariya ya ce, "Injiniya ai ba nan muka bi ba, dutse muka tarar, oga ya ce mu tsallaka ɗaya hannun." Na ce, "Baba, tun daga ina?" Ya nuna da sandarsa, "Daga bakin masallacin can har kwalbatin ƙasa." Cikin minti 40 muka samu wayar. Layin miliyoyin naira, taswirarsa tana kan mutum ɗaya da ba ya cikin ma'aikatan kowa, kuma da Allah ya yi masa rasuwa ko ya koma ƙauye da shikenan.

Darasin farko a nan shi ne alamar da ake kafa hujja da ita. Mai shayi na tashi, bishiya na faɗuwa, gidan mai na canja suna, bakin titi na matsawa. Lambobin GPS ne ba sa matsawa, su ma sai an yi su da kyau. Na wayar hannu na iya kaucewa da mita 5 ko fiye, mita 5 kuwa a gefen titi shi ne bambanci tsakanin ka haƙa ƙasa da ka fasa fayif ɗin ruwan unguwa. Na masu safiyo na gaske yana kawo shi zuwa 'yan santimita. Sannan ga wani tarko da ko wasu injiniyoyin na faɗawa: tsofaffin taswirorin Najeriya an gina su ne kan ma'aunin da ake kira na Minna, shi kuma GPS da Google Earth da wani ma'aunin duniya suke aiki, WGS84. Lamba ɗaya in ka karanta ta da ma'aunin da ba nata ba za ta ajiye ka gomman mitoci daga inda ake nufi. Na taɓa ganin zanen da ya nuna faiba ta ratsa ta tsakiyar falon mutane, ba komai ba ne illa wanda ya shigar da lambobin bai rubuta da wane ma'auni aka ɗauka ba.

Wani zai ce ai akwai na'urar da ke gaya muku inda ta yanke. Eh akwai, OTDR, tana harba haske cikin sili ta saurari abin da ya dawo, ta ce maka a mita kaza hasken ya tsaya. Amma tsawon gilashi take aunawa, ba ta san titi ba. A kowane manhol ana naɗe rarar kebul a ajiye saboda gyaran gaba. A ce misali ta ce mita 7,340, kuma kafin wurin akwai manhol 20 kowanne an naɗe mita 20, ka ga mita 400 na tsawon nan a naɗe suke ba a miƙe ba, ga shi silin da kansa yana ɗan murɗawa a cikin kebul ya fi rigarsa tsawo kaɗan. In kana da takardar da ta ce manhol na 14 yana daidai mita kaza a awon na'ura, cikin minti biyar ka san tsakanin wane manhol da wane za ka tsaya. A jikin rigar kebul ma an buga lambar mita tun daga masana'anta, abin da ake buƙata kawai wani ya duƙa ya karanta lambar shiga da ta fita a kowane manhol ya rubuta ranar da ake ja. Aikin minti biyu. In ba a yi ba sai ka auna 7,340 da mitar mota ka je ka haƙa kusan rabin kilomita gaba da inda matsalar take. In katafila ce ta yanke da sauƙi, za ka ga ramin da idonka. In ɓera ne ya ci a cikin bututu, ko ƙasa ta zame ta lanƙwasa shi, ba abin da za ka gani a sama.

An samo wayar, an tono, saura walda. Injin walda na narka bakin gilashi biyu ya haɗe su cikin 'yan daƙiƙu, wahalar tana wajen feɗe riga da gogewa da yanke baki daidai, ƙwararre zai iya gama sili 48 cikin 'yan awanni ko a cikin rami ne. In launi da launi ne kai tsaye ba matsala. Matsalar ita ce mahaɗar da aka taɓa yi wa gyaran gaggawa, wani dare can baya kore ya lalace aka ɗora kwastoman kan rawaya na tiyo na uku da niyyar gobe za a rubuta, goben ba ta zo ba, wanda ya yi ya samu aiki a wani kamfanin ya tafi da laftof ɗinsa. Kai kuma ka zo ka haɗa bisa tsohuwar takarda, ofis su kira su ce rabi sun dawo rabi ba su dawo ba, ka sake buɗewa ka fara bin sili ɗaya-ɗaya da jan haske kana waya da wani a ɗaya ƙarshen, "ka gani? yanzu fa?" har gari ya waye. Mafi muni shi ne manhol ɗin da kebul huɗu baƙaƙe iri ɗaya suka ratsa ba ko ɗaya mai lamba a wuya. An sha yanke lafiyayyen kebul na wani kamfani ana zaton nasu ne, ana gyaran ɗaya an kashe biyu.

Toh me ya sa abu mai sauƙi haka ba a yi? Ba jahilci ba ne, yaranmu sun iya aikin. Yadda ake biyan kuɗi ne. Kwangila na saukowa hawa-hawa, babban kamfani ya ba ƙarami, ƙarami ya ba wani mai mota ɗaya da leburori 30, kowa na yankar rabonsa, wanda ya san ainihin inda aka bi shi ne na ƙarshe a layi kuma ba wanda ya biya shi kuɗin rubutu. Ana biyan mitar da aka haƙa, ana biyan ranar da haske ya kama, oga na sama na son ya sanar an kammala kafin ƙarshen wata. Da zarar haske ya kama hankalin kowa ya koma sabon aiki. Maganin da na ga yana ci shi ne a riƙe kaso mai ciwo na kuɗin ɗan kwangila har sai ya kawo azbilt, kuma kar a karɓa a ofis, a ɗauki takardar a je a zaɓi wurare biyar ko goma ba tare da an gaya masa ba a tona a gani, zurfin ya kai? wayar na inda aka ce? A ɗauki hoto ramin na buɗe da tef a ciki kafin a rufe. A ajiye awon OTDR na kowane sili na ranar farko, don shi ne za a riƙa kwatantawa da shi duk ranar da abu ya canja. Sannan duk wanda ya buɗe mahaɗa ya taɓa wani abu, ba a rufe aikinsa sai ya gyara takarda, kuma takardar ta zauna a rumbu ɗaya na kamfani, ba a filash ɗin wani ko cikin hotunan WhatsApp da za su tafi ranar da aka sace waya a Kasuwar Gumi ba.

Akwai masu cewa in aka tara taswirar faiba wuri ɗaya an ba ɓarayi da masu ɓarna jagora, su kuma kamfanoni ba sa son abokin gasa ya ga inda suka bi. Maganar ba ta banza ba ce, musamman a jihar da ta ga abin da ta gani na rashin tsaro, har aka rufe sabis a wasu sassanta kusan wata biyu a ƙarshen 2021. Amma ba a ce a manna taswirar a Facebook ba. A Amurka lamba ɗaya ce, 811, duk mai son haƙa ko da ramin shuka bishiya ne zai kira kwanaki kaɗan kafin ya fara, a sanar da masu kaya a ƙasa su zo su fesa fenti a inda nasu ya bi. Mai haƙa bai ga taswirar kowa ba, fenti kawai ya gani a wurin da zai yi aiki. Kuma in ka duba alƙaluman NCC ɗin nan na sama, wanda ya fi yanke mana waya ba ɓarawo ba ne, direban katafila ne da ba wanda ya gaya masa akwai wani abu a wurin.

A 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin da ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, a farkon 2025 kuma ma'aikatar ayyuka da ta sadarwa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa kan kare faiba lokacin aikin titi. Duk mataki ne mai kyau. Sai dai in za ka hukunta ɗan kwangilar titi kan ya yanke waya, abu na farko da lauyansa zai tambaya shi ne ina taswirar da kuka ba shi, kuma da ya bi ta, wayar na inda kuka ce? In tana ɗaya hannun titin kamar ta daren nan namu, wa za a kama? Mu a Kaduna muna da ɗan abin farawa, KADGIS, hukumar bayanan filaye ta jiha, ta riga ta mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, ƙara shafin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, faiba da fayif ɗin ruwa da wayar wuta, ba sabon ilimi yake buƙata ba, yarda yake buƙata da dokar da za ta ce ba azbilt ba sabon izini.

Kuma lokacin yin hakan ya matso, don gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba, daga wajen 35,000 zuwa 125,000, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 2. Wani kaso nasa ta jihar nan zai bi, ta hanyar Zariya da Kachia da Birnin Gwari da Kafanchan ko makamantansu, wuraren da in waya ta yanke ba za ka samu dattijon da za a ɗauko a keke da asuba ba, wasu wuraren ma motar gyara sai da rakiyar jami'an tsaro take shiga, kuma ba za su tsaya maka kana haƙa rami uku kana lalube ba.